Mamacin da Ke Shiga Wasa

Shafi na 17

Daga Zalika Hamidu, Gaya

Salamu alaikum jama'ar gurup. Na ga saƙonninku, har da na masu zagi. Wata ta rubuto wai na bar Bibata a tsaye na tafi yawon biki. Baiwar Allah, ba biki na je ba. Wuta ce ba mu da ita, wayata ma layi ta bi a shagon mai sharji kafin ta samu shiga.

Masu tambayata ko wasan nan ya cancanci a gwada shi, ni ban taɓa buga shi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Yau masu buga shi za su ba ku amsa da bakinsu. Amma ku zo da haƙuri, shafin yau ba na dariya ba ne.

Sababbin shigowa kuma, ga inda muke. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka tare gadar Malanbil, wadda ta haɗa mu da Benin, da kwantena, mutane suka koma ƙetarewa ta ruwa. Siddo matuƙin jirgi ne. Jirginsa ya kife da mutane da buhunan albasa. An tsamo gawarwaki, ba a ga tasa ba, amma shaidu sun ce a gabansu ruwa ya rufe shi, liman ya ce matarsa Bibata ta shiga takaba. Wata huɗu da kwana goman sun kusa cika. Sai ga bakin Aisata matar Alassan ya suɓuce, ta gaya wa Bibata cewa a wasan waya da Siddo yake bugawa da abokansa na fada, har yanzu mutuminsa yana shiga.

To, bismillah.

*

Bayan la'asar abokan Siddo suka zo. Halidu, yayan Bibata, shi ya shigo da su, don ba don shi ba babu namijin da zai wuce zaure ya zauna ƙofar mai takaba. Ya shimfiɗa wa Alassan da Mumuni tabarma a waje, ya saki labule, shi kuma ya zauna daidai bakin ƙofar.

Bibata tana ciki. Zane mai duhu, ba kwalli, ba lalle, ba turare. Ƙaramar 'yarta Kadi tana barci kan katifa. Can tsakar gida mata suna surfen geron sadakar fita takaba, Inna Kande mahaifiyar Siddo tana gefen turmi tana jan carbi. Kuka ya raunana mata ido, amma kunnenta ras yake, shi ya sa kowa ya sassauta murya.

"Fofo, sannu Bibata," in ji Alassan. "Ya ƙarin haƙuri?"

"Mun gode Allah."

Mumuni ya sunkuyar da kai. Mahaifiyarsa tana cikin jirgin nan. Malanbil za ta, barkar haihuwar 'yarta, da ƙullin kayan jariri a cinya. Mumuni da hannunsa ya tsamo ta.

"Ban kira ku don gaisuwa ba," in ji Bibata daga bayan labule. "Aisata ta faɗa mini abin da kuke ɓoyewa."

Alassan ya yi tsaki. "Ita dai Aisata bakinta..."

"Ka bar ta. Gaskiya ne ko ƙarya?"

Alassan ya kau da kai.

"Alassan, da kai nake."

"Gaskiya ne."

"Tun yaushe?"

"Bayan sadakar arba'in muka fara gani."

Bibata ta dafe ƙirji. Ta yi zaton ta shirya wa amsar, ashe ba ta shirya ba.

"Ku bayyana mini yadda zan gane," ta ce. "Ni iyakacina in gan shi kwance da waya yana dariya shi kaɗai, in yi ta masifa."

Alassan ya gyara zama.

"Sunansa na Faransanci yana da tsawo, mu Tsibiri muke ce masa. Kowa yana ƙirƙirar mutuminsa a ciki, ya sa masa suna. Wani mayaƙi, wani maharbi, wani mai magani. Ana haɗa ƙungiya a tafi yaƙi da dodanni tare, ana magana da juna kamar a waya. Mutumin Siddo sunansa Sorko. In mutum ya shiga, wani ɗigo kore yana kamawa gefen sunansa."

"Nasa yana kamawa?"

"Yana kamawa."

"Wayarsa fa tana ƙarƙashin ruwa."

"Ba a cikin waya mutumin yake ba. Duk wanda ya san lambar sirri, ko a wayar aro zai iya shiga."

Taɓare suna ta sauka a tsakar gida.

"To ina so in shiga in gani da idona," ta ce. "Ku uku duk kun buga shi. Ku faɗa mini tsakani da Allah, in gwada ko kada in gwada?"

"Kada ki gwada," in ji Halidu tun ba ta rufe baki ba.

"Yaya, ka ba ni dalili."

"Dalili? Ni na riga su duka fara shi. Farkonsa da daɗi, ba zan ƙi gaskiya ba. Yau a ba ka takobi, gobe a ba ka doki, ka ga kamar kana ci gaba a duniya. Kiredin waya yana tafiya, ido yana ciwo, kai ba ka sani ba. Ran nan ina tsaye cikin gonata a fadama, waya a hannu ina kashe dodo, tsuntsaye suka sauka suka yi wa shinkafata kaca-kaca. A gabana fa! Ranar na goge shi. Wasan banza ne, Bibata. Mai lafiya ma ya rikita shi, balle ke."

"Haba Halidu," in ji Alassan. "Kai da gonarka ai dole ka ce haka."

"Ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ƙarya ba, amma ba ka faɗi duka ba. Ni aikin taranzit nake a bakin gada, ina fitar wa 'yan kasuwa kaya daga kwastan. Ran da aka rufe ta, aikina ya mutu a tsaye. In tashi da safe, in yi wanka, in sa riga, in rasa inda zan dosa. Wallahi ba don wasan nan ba da yanzu ina bin titi ina magana ni kaɗai. A ciki akwai yaran Malanbil, akwai na Kamba, akwai wani ɗan Kwatano mai surutun tsiya. Ba soja, ba kwantena, ba mai tambayarka takarda. In ka faɗi wani ya zo ya ɗaga ka. Duk wanda ya tambaye ni, cewa nake ya gwada, in dai yana da rezo mai kyau, wato sabis ɗin waya, da haƙurin kwanakin farko, don sabon shiga kashe shi ake yi kamar kaza."

"To ni ma in gwada ke nan," in ji Bibata.

"A'a. Ke ban da ke."

"Don me?"

"Don abin da kike nema ba ya ciki. Ɓarawo ne, Bibata. Akwai masu satar mutumin da ya yi ƙarfi su sayar. Sorko kuwa ya yi ƙarfi, Siddo ya sha wahala a kansa. Wani ƙaton banza ne can wata ƙasa ya samu lambar. Ki shiga ki tayar da mikin da ya fara warkewa, a kan ɓarawo?"

"Wa ya ce maka ya fara warkewa?"

Kunya ta kama Alassan.

Halidu ya ce, "Kin dai ji. Mai yabon wasan ma ya ce kada ki shiga. Saura kaɗan ki yi wanka ki fita, ki bar mamaci ya huta."

"Saura mutum ɗaya," in ji Bibata. "Mumuni, ban ji bakinka ba."

Mumuni yana ta murza bakin tabarma da yatsa. Bai ɗago ba.

"Ba ɓarawo ba ne," ya ce.

Alassan ya juyo. "Kai kuma daga ina?"

"Ɓarawo kaya yake sayarwa. Ka duba kayan Sorko, ko allura ba a taɓa ba."

"Wataƙila mai saye yake jira."

"Alassan, ni yake bi."

"Kamar yaya?"

Sai a lokacin Mumuni ya ɗago. Idanunsa sun yi ja.

"Bibata, Sorko mai magani ne. Aikinsa in ɗan ƙungiya ya faɗi a yaƙi, ya zo ya tayar da shi. Bayan rasuwar tsohuwa na daina zama fada, amma ban daina wasan ba. Ni kaɗai nake shiga in yi ta sara, don in na ajiye waya fuskarta nake gani. Ran nan aka kashe ni. Kafin in ankara, ga Sorko a kaina. Ya durƙusa, ya tashe ni, ya ɓace."

"Subhanallahi," in ji Halidu.

"Na jefar da wayar. Na ce idona ne. Washegari haka. Jibi haka. Duk inda na faɗi, ko a ƙarshen duniyar wasan ne, sai ya zo. Na rubuta masa, bai amsa ba. Na buɗe murya na ce, kai waye, don Allah? Ya fita. Har na koma shiga ramin dodanni da gangan in mutu, in ga ko zai gaji."

"Ya gaji?" in ji Bibata.

"Bai gaji ba."

Alassan ya riƙe baki. "Kuma duk wannan ba ka taɓa gaya mana ba?"

"In ce muku me? In ce wanda ya nutsar da uwata yana tashina a waya?"

"Mumuni!" Halidu ya daka masa tsawa ƙasa-ƙasa, yana waigen tsakar gida. "Ka san a gidan da kake."

"Na sani. Ku yafe ni. Amma kowa a bakin ruwa ya san jirgin ya fi ƙarfin kayansa."

Ba wanda ya musa. Bibata ma ba ta musa ba, don ta sha jin maganar daga bakin masu zuwa gaisuwa, in sun ɗauka ba ta ji.

Ta matso dab da labule.

"Mumuni, in tambaye ka?"

"Ina ji."

"In shi ne, me za ka yi masa?"

Mumuni ya ja dogon numfashi.

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Tare muka taso, tare aka yi mana kaciya. Da na ɗauka ya tafi tare da ita, na yafe masa. Kullum in na yi mata addu'a sai na sa sunansa. Amma in yana raye, ya bar mu muna tsamo gawa a ruwa, shi yana can yana numfashi..." Ya girgiza kai. "Wata rana in ji zan rungume shi. Wata rana in ga ƙafata ta kama hanyar jandarma."

"Duk da haka in gwada?"

"Ki gwada. Wasan ba zai amfane ki da komai ba, Halidu ya yi gaskiya. Amma mu ya ƙi mu. In shi ne, ke ba zai iya ƙin ki ba. Kuma ke ma kina da haƙƙin ki sani, ko wa kike wa wannan zaman."

Wannan maganar ita ta gama komai. Halidu ma ya san in mijin yana raye, ƙanwarsa takabar banza take yi, kuma duk wanda ya aure ta nan gaba matar wani ya aura.

"Alassan," in ji Bibata, "yi mini mutumina."

Alassan ya ciro wayarsa ba da son ransa ba. Ya yi ta danne-danne.

"Mayaƙiya kike so ko maharbiya?"

"Ko wacce."

"Wane suna zan sa?"

"Maman Kadi."

Hannun Alassan ya tsaya kaɗan, sannan ya rubuta. Ya sa ta cikin ƙungiyarsu, ya maƙala igiyar ekutar ta sauraro a jikin wayar, ya miƙa wa Halidu. Halidu ya tura ta ƙarƙashin labule kamar mai tura garwashi.

Bibata ta ɗauka. Wata 'yar mata ce a tsaye cikin wani gari mai katangar dutse, da sanda a hannu, da riga kamar buhu.

"Ina ganin wata da sanda."

"Ke ce," in ji Alassan. "Ki ɗora babban yatsanki na hagu a ƙasa, ki tura gaba."

"Ta shiga bango."

"Ki dawo da yatsan baya. A hankali. Kin ga wata babbar ƙofa?"

"Na gani."

Mumuni ya riga ya ciro tasa wayar. Ya ƙura mata ido.

"Ɗigonsa kore ne," ya ce. "Yana ciki."

Bibata ta ɗago kai. Ta kalli Kadi, ta dawo da ido kan waya.

"Yanzu me zan yi? In rubuta masa?"

"A'a, gudu zai yi," in ji Mumuni. "Ki fita ta ƙofar nan. Akwai kuraye a bakin ruwa. Za su taso miki. Kada ki gudu, kada ki ɗaga sanda."

"To in yi yaya?"

"Ki tsaya su kashe ki."

"A'uzubillahi!" Halidu ya zabura. "Wace irin magana ce wannan a ƙofar mai takaba?"

"Ba ya zuwa sai an faɗi," in ji Mumuni. "Ba ni na tsara ba."

Bibata ta tura yatsa. 'Yar matar ta fita ƙofa tana tangaɗi. Ga ruwa shuɗi, irin wanda babu shi a kogin Gaya. Ga kuraye uku sun ɗago kai. Bibata ta ɗauke yatsanta ta rungume hannu, tana kallo suka yi wa Maman Kadi caa. Wasa ne, ta san wasa ne, amma da 'yar matar ta kife a ƙasa sai da ta ce wayyo.

Fuskar wayar ta koma toka-toka.

"Na faɗi."

"Ki jira."

Ta jira. Ba kowa. Kurayen suka koma wurinsu.

"Kun gani ko," in ji Alassan a hankali. "Ɓarawo ina ruwansa da wata Maman..."

"Yi shiru," in ji Mumuni. "Ya motsa."

"Ina ya nufa?"

"Ya bar inda yake. Gudu yake yi. Ban taɓa ganin ya yi irin wannan gudun ba."

Bibata ba ta jin su kuma. Daga gefen wayar wani mutum ya ɓullo cikin farar alkyabba, da doguwar sanda kamar gorar tuƙi. Ya zo kanta ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya durƙusa, wani haske ya zagaye su, Maman Kadi ta miƙe.

"Ya tashe ni."

"Yanzu zai ɓace," in ji Mumuni.

"Bai ɓace ba."

"Me?"

"Yana nan. Yana kallona. Wani abu yana ƙyaftawa a sama, kamar kan waya."

Mazan suka kalli juna.

"Kira ne," in ji Alassan. "Na ku biyu kaɗai, mu ba za mu ji ba. Ki sa ekutar ki danna."

Da ƙyar ta cusa guda a kunnen dama, ɗayan ya kuɓuce yana reto a ƙirjinta. Ta yi bismillah ta danna.

Numfashi ta fara ji. Numfashin mutum mai ƙoƙarin hana kansa kuka.

"Bibata."

Ta cusa bakin zanenta a baki ta cije.

Jama'a, ni mai ba ku labarin nan ban san wanne ya riga wanne shiga zuciyarta ba, murna ko baƙin ciki. Muryar da ta yi watanni tana roƙon Allah ya nuna mata ko a mafarki, ga ta a kunnenta da rana tsaka. Ta ji kamar ta yi guɗa. Ta ji kamar ta rotsa wayar da bango.

"Kada ki kira sunana," in ji Siddo. "Na san ba ke kaɗai ba ce, ba ki iya shiga nan da kanki. In Mumuni yana wurin, ki yi tari."

Ta yi tari.

"Wayyo Allah. Ki saurare ni, kada ki amsa. Ruwa ne ya ja ni ƙasa can ɓangaren Benin, masunta suka tsamo ni. Na daɗe ban san inda nake ba. Da na farfaɗo na ce zan dawo, sai wani ɗan kasuwa ya zauna yana lissafa wa mutane waɗanda suka mutu a jirgin Gaya, bai san ni ne matuƙin ba. Bibata, ni na kama hannun uwar Mumuni na zaunar da ita. Ta ce, ɗana, jirgin nan bai cika ba? Na ce, Inna, ni ne fa. Sannan na juya na ce a ƙaro buhu."

Hawaye suna zuba kan wayar. Ta goge da gefen hannu.

"Da wane ido zan shigo Gaya? Ko jandarma ba su kama ni ba, da wane ido? Nan ne kaɗai nake iya ganinku. In ga sunayenku suna kamawa, in san kuna raye."

Daga waje Halidu ya ce, "Bibata? Ana magana?"

Bibata ta ƙara danna ekutar a kunne.

"Ki cika takabarki," in ji Siddo.

Ta zaro ido.

"Ki cika ta. Ki yi wanka, a raba sadaka. Inna ta riga ta yi kukana ta gama, kada ta sake wani sabo in an wuce da ni da ankwa a gabanta. Siddo ya mutu a ruwa, ki bar shi a haka. In kuma igiyar aure ce damuwarki, ki ce mini, in sauwaƙe miki yanzu, ki samu mutumin kirki ya riƙe ku."

Bibata tana girgiza kai da ƙarfi, ta manta ba ya ganinta. Maganganu sun cika mata baki. Tana so ta ce masa kai azzalumi ne. Tana so ta ce masa ka ci abinci? Ko ɗaya ba ta da halin faɗa, don tsakaninta da Mumuni yadi ɗaya ne na labule.

"Bibata." Wannan karon Mumuni ne. Ya taso daga tabarma ya durƙusa gefen Halidu, har tana ganin inuwar gwiwarsa a ƙasan labule. "Don girman Allah. Muryar wa kike ji?"

"Ki ce ɓarawo ne," in ji Siddo a kunnenta. "Na roƙe ki. Ki ce ɓarawo ne."

"Bibata, ki dubi Allah. Ko mene ne zan ɗauka. Ki faɗa mini kawai."

Can tsakar gida taɓare sun tsaya, ana sheƙe gero. Ta jiyo Inna Kande tana ce wa matan su ware na gidan liman daban.

Bibata ta cire zanen daga bakinta. Tun da take ba ta taɓa rantsuwa kan ƙarya ba, kuma ta gode Allah da Mumuni bai ce ta rantse ba.

"Ɓarawo ne," ta ce.

"Kin tabbata?"

"Wani ne. Ban san muryarsa ba."

"Ai na faɗa muku," in ji Alassan, amma ba ƙarfi a maganar. "Tun farko na faɗa."

Mumuni ya koma ya zauna daɓas. Ya rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunsa suna rawa.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Alhamdulillahi. Ashe zan iya ci gaba da yi masa addu'a. Allah ya jiƙanka, Siddo. Ka yafe mini zargin da na yi maka."

Wayar ta kwashe maganar tsaf ta kai inda za ta kai. A kunnen Bibata, Siddo ya fashe da kuka.

"To ya isa haka," in ji Halidu yana miƙewa. "An gwada an gani. Ba ni wayar mutane in mayar musu."

Shi kaɗai ne a cikinsu labulen bai hana ba. Ya ɗaga shi ya shiga, ya sake shi a bayansa.

Ya miƙa hannu, sai ya tsaya.

Halidu ya goyi Bibata tana ƙarama. Ya san fuskarta in ta ji tsoro, ya san ta in ta yi ƙarya. Ya dubi yadda ta ƙanƙame wayar da hannu biyu a ƙirji. Ba a riƙe ɓarawo haka.

"Yaya..." ta ce, ba sauti, leɓe kawai.

Ya sunkuya ya ɗauki ɗayan ekutar ɗin da ke reto, ya kai kunnensa.

Siddo bai san an ƙaru ba. Ya ja hanci, ya sassauta murya.

"Kafin ki kashe, abu ɗaya. Kadi ta fara tafiya?"

Halidu ya runtse ido. Bibata ta kama gefen rigarsa da hannu biyu tana girgiza kai.

Ya zare ekutar ɗin a hankali, ya juya ya fuskanci labule.

"Mumuni," ya ce. "Kada ka tafi tukuna."